Hassana, Ina Nan

Ƙarfe shida da rabi na safe Abla Mahasin, wato Yaya Mahasin a bakin mutanen Masar, take barin unguwar Faisal ta Alƙahira. Ta matsa cikin ƙaramar bas da ledar burodinta, ta sauka Giza, ta sake mota zuwa Zamalek, sannan ta gangara matakala goma sha huɗu zuwa ɗakin ƙasa na wani gidan adana tsofaffin waƙoƙi. A sama masana suke da kofunan shayinsu. A ƙasa ita ce da baho biyu, da burushi mai laushi, da fararen tsummoki. Aikinta wankin faifan garmaho, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi nata tun tana ji da kunnenta, don mu ba mu iya yabon mutum ba sai ƙasa ta rufe masa ido.

Kada ka raina wankin nan. Faifan da ya shekara ɗari ya fi ƙwai saurin fashewa, kuma in ruwa ya taɓa takardar tsakiya, sunan mawaƙi ya tafi ke nan. Abokan aikinta sun shaida cewa uku kaɗai suka taɓa karyewa a hannunta, har yau kuma tana iya lissafa maka su da sunayensu.

A Sudan aka haife ta. Kakanninta Hausawa ne da suka taso hajji a ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Hausar da ta rage mata ta kaka ce, wadda ake faɗa da ita, ake kuma kiran yara cin tuwo. Ita kanta ba ta taɓa zaton za ta yi mata amfani a Zamalek ba.

Shekara tara da suka wuce aka kawo wa gidan aron fayafai goma sha ɗaya na wata mawaƙiya, Sitt Husniyya Takruriyya. Abin da aka sani game da ita kaɗan ne. Baƙar mace ce da ta yi tashe a gidajen waƙa na titin Imaduddin wajen 1925, tana fitowa tsakanin mai barkwanci da masu rawa, daga baya aka daina jin ɗuriyarta, ko kabarinta ba a sani ba. Za a kwafi fayafan a na'ura, a mayar wa mai su a ƙasar waje cikin wata ɗaya. Duk abin da ba a kwafa ba ya tafi.

Al'adar Mahasin ce in ta wanke faifai ta ɗora shi a kan garmaho ta ji ko allura na tsalle. A ƙarshen na farko, bayan kiɗa ya tsaya, mawaƙiyar ta yi wata 'yar magana cikin ƙara. A littafin masana an rubuta cewa "hasanan" take cewa, wato "to, ya yi" da Larabci. Mahasin ta maimaita sau uku, ta ajiye tsumma, ta hau sama wurin Osama, injiniyan da ke goge ƙara da yanke duk abin da ya biyo bayan kiɗa. Shi ya ba ni labarin da bakinsa.

"Ya Ustaz, kar ka yanke wutsiyar nan."

"Ma'alish, yi haƙuri ya Abla, ba waƙa ba ce. Hasanan ta ce, khalas, shi ke nan."

"Ba hasanan ba. Hassana. Suna ne. Kuma wannan matar ba Husniyya ba ce, masu buga takarda ne suka gyara mata. Husaina ce. Mu a wurinmu duk inda ka ga Husaina, to akwai Hassana. 'Yan biyu ne, 'yar'uwarta take kira."

Osama ya kai maganar gaba. Wani babban masani ya yi dariya, ya ce yau kuma mai wanki ce za ta koya musu karatu. Wallahi duk lokacin da na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci. Ita kuwa kwana bakwai kawai ta roƙa a ba ta, ta sake wanke su. Ƙarshen waƙa yana can ciki, daf da takarda, inda datti ya fi taruwa kuma mai wanki ya fi tsoro. Ta bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya da ɗan burushin da bai kai tsinken sakace kauri ba, har idanunta suka kumbura. A faifai na bakwai muryar ta fito tas, da Hausar da ba ta da gargada: "Hassana 'yar Habu Dogo, ina nan Masar. In kin ji, ki aiko."

Duk goma sha ɗayan haka suke. Mace ta tsaya gaban bututun ɗaukar murya, ta yi wa Alƙahira waƙar soyayya da Larabci, ta saci sakan huɗu na ƙarshe ta aika saƙo, ko Allah zai sa faifan ya faɗa garin da 'yar'uwarta take. Osama bai yanke ko ɗaya ba.

Ke ce, Abla Mahasin, mai kunnen da ba ya raina ƙaramar magana. Wani da ya ci gardama sai ya koma ya sha shayinsa. Ke kika ce saƙo amana ne, kika sa muryar a wayarki, kika yi shekaru kina yawo da ita gidan suna da gidan biki, daga Faisal har masaukin ɗalibanmu na Azhar. Har tsokanarki ake yi, ana ga mai neman Hassana ta iso, a ɓoye wayoyi kar ta tura mana muryar nan.

Da yaƙi ya koro mutanen Sudan suka cika Faisal, aka yi wani suna a hawa na biyar na wani bene. Mahasin ta kunna kamar kullum. Wata tsohuwa mai suna Inna Khairat, wadda ta haura tamanin, ta ɗaga hannu ta ce a yi shiru. Habu Dogo kakanta ne, Hassana kuwa ita ta haife ta. Ta ce a Sawakin, tashar jirgin ruwan alhazai, aka rabu, suna 'yan shekara goma sha biyu, lokacin da yunwa ta sa aka ba matar wani ɗan kasuwan Masar Husaina ta riƙe. Har Hassana ta rasu ba ta taɓa sayen ɗankwali ɗaya ba, sai biyu, yadda ake yi wa tagwaye, tana tara na 'yar'uwarta a akwati. Akwatin yana can, yaƙi bai bari an ɗauko ba.

Ta ce a sake kunnawa. Da muryar ta kai "in kin ji", tsohuwar ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa wayar.

"Mun ji, Inna," ta ce wa muryar Husaina. "Ba ta manta ki ba ko kwana ɗaya."

Matan da ke ɗakin sun ce ranar tuwon suna ya huce ba a ci ba.

Yanzu an gyara littafin masana. An rubuta Husaina 'yar Habu Dogo, har da bayanin wanda ya yi dariyar nan a ƙasan shafi. Na duba daga bango zuwa bango, sunan mai wanki ba ya ciki. To ga shi nan na rubuta: Mahasin Bakri. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi, ya sanyaya idanun nan da kika gajiyar. Mu kuma da muke wanke wani abu a ɗakin ƙasan wani, mu yi koyi da ita, mu saurara har ƙarshe kafin mu ɗage allura.

Abla Mahasin, ba ki taɓa kiran kowa ya zo ya ga aikinki ba. Duk da haka muna nan, kuma mun ji.