Darakta da Harajinsa

Duk tsawon shekarun da ya yi yana aikin gwamnati, bai taɓa hawa kujera mai juyawa ba, sai dai in mai ita ya fita ya ce masa ya kaɗe mata ƙura. Aikinsa kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, da sayo wa manya abincin rana, ya raɓe a bakin ƙofa yana jiran ragowa. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse shi ya riƙe ma'aikatar da hannu ɗaya. Shi ya sa yaran layi suka laƙaba masa Darakta. Su da tsiya suka yi, shi kuwa ya karɓe hannu bibbiyu, har ta kai in matarsa ta ce masa Baban yara a gaban mutane sai ya yi kamar da wani take.

Ga alƙaluma jere a aljihun gaba, ko ɗaya ba mai tawada. Ga tsohuwar jakar hannu da ba ya rabuwa da ita, in ka zazzage ta ba abin da zai faɗo sai katin fansho da tsinken sakace.

A ƙofar shagon tela 'yan fansho ke taruwa da hantsi. Benci ne dogo, sai kujera guda mai hannu, an ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Tsohon hedimasta ke zama a kanta, ba don shi ya saya ba, sai don kowa ya san fanshonsa ya fi na kowa kauri. Darakta yana can ƙarshen benci inda ƙusa ke cin riga, kafaɗa da kafaɗa da tsohon direban asibiti, mutumin da ya san shi tun yana gudu da fayil a hammata. Abin nan yana cin Darakta a rai kamar gara a cikin azara.

Ana nan sai gwamnati ta ce duk wanda fanshonsa ya kai wani mizani za a riƙa yankar masa haraji, na ƙasa da haka kuma an yafe musu. Wata ya ƙare, saƙon banki ya shigo wayoyi. Hedimasta ya ga an yanke masa, ya yi ta sababi har jininsa ya hau, ɗansa ya zo ya ɗauke shi ya koma da shi can wajensa. Darakta ya duba tasa wayar, sai ya ga shi ma an yanka. Wani da kuka zai yi. Shi kuwa kamar an yi masa albishir da haihuwar namiji. Ya bi benci kaf yana nuna wa kowa saƙon, yana cewa gwamnati ba ta yankan ramammiyar dabba, ta san manyanta. Da ya tabbatar a cikin waɗanda suka rage ba wanda aka taɓa sai shi, ya kaɗe riga ya ɗare kujerar hedimasta. Direba ya kalle shi sheƙeƙe.

A gida kuwa matarsa ba ta ga abin murna ba. Kwanon ɗakinsu ya yi shekaru yana yoyo, ta daɗe tana roƙon a sauya ko da falle biyu ne. Ɗan ƙanwarta, wanda ya yi boko, ya ce mata lalle kuskure ne, fanshon masinja bai kai a taɓa shi ba, ya je ya kai ƙorafi. Da ta gaya masa, sai Darakta ya ce hassada ce irin ta dangin mace, kuma kada ta sake kawo masa maganar ofis, tunda ko ƙofar ofis ba ta taɓa takawa ba.

Da an bar shi, da har ya mutu bai leƙa ofishin fansho ba. To sai lokacin tantancewa ya zo, wanda dole kowane tsoho ya kai kansa a ga yana da rai. Ɗaki ne mai fanka guda da ba ta juyawa, da taga mai ƙarfe, tsofaffi sun yi layi har waje. Kamar da gayya, direba ne ke bin bayansa, numfashinsa har ƙeyar Darakta. Yarinyar da ke bayan tagar ta karɓi katinsa, ta danna na'ura, sai ta yi murmushi.

"Baba, albishirinka. Kuskure aka yi, fanshonka bai kai a cire masa haraji ba. Za a daina, kuma a mayar maka da abin da aka yanka."

Direba ya yi gyaran murya. Darakta ya hango ƙarshen benci, ya hango ƙusar nan. Ya ce wa yarinyar ta sake dubawa da kyau, na'ura ma takan yi ƙarya. Ta ce ai ko kusa da mizanin bai zo ba, sai dai in yana da wata hanyar samu da bai faɗa ba.

"Yauwa, 'yata. To kin haɗa da gidajen haya?"

Ta tambaye shi waɗanne. Bakin da bai taɓa gina ko akurki ba, nan take ya gina gidaje, har da mai bene. Yarinyar ta yi ta dannawa. Ta ce madalla da ɗan ƙasa nagari, kuɗin haya ma akwai harajinsa, za a haɗa a riƙa cirewa daga fanshon. Ta turo masa takarda ya sa hannu. Ya zaro alƙalami, bai yi ba. Ya zaro na biyu, shi ma haka. Direba ne ya miƙo masa nasa ta saman kafaɗa, yana cewa ranka ya daɗe.

Wata na gaba yankan ya kai ga ƙashi. Kujera dai ta zama tasa, ba mai ja. Sai dai kullum direba sai ya tambaye shi ko an sami ɗaki a gidan benen, ɗansa na neman haya, Darakta kuwa ya ce ko'ina a cike yake, mutane har layi suke yi. Tela ya duƙar da kai a kan keke, kafaɗunsa na rawa.

Damina ta faɗi. Wata safiya ruwa ya tsuge, matarsa ta jera baho da tukwane a tsakar ɗaki, ya rage wuri guda da ke ɗiga, daidai inda yake zaune yana goge takalmi. Ta tsaya a kansa da roba a hannu, ta kira shi da sunan da ba ta taɓa kiransa da shi ba.

"Darakta, tashi ka je ka fake a ɗaya daga cikin gidajenka, ka ba ni wuri in tari ruwa."

Ya ɗora jakarsa a ka, ya fita cikin ruwan, kada wani ya riga shi. A ƙofar shagon tela ba kowa, ko telan bai buɗe ba. Kujerar ta jiƙe sharkaf. Ya share ta da hannu, ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.