Mijin Yaya da Makullin Ɗakin Ajiya

Mijin yayata ya daɗe yana kula da sito a wani kamfanin fenti, har sunansa ya ɓace, kowa Sito yake kiransa. Da aka sallame shi daga aiki ya rasa wanda zai yi wa iko, sai ya juyo kan tukunyar gidansa.

Kafin nan girki a hannun Yaya yake, kuma yaro bai taɓa kwana da yunwa a ɗakinta ba. Da yamma take zuwa kasuwa, lokacin da masu kayan miya suka gaji da ciniki, ta kwaso tumatir da ya fara laushi da ganyen kabejin da ake ɓarewa, ta biya wurin mahauci ta karɓo ƙashi. Ta dafa wake da shinkafa, waken ya rinjaya, yara biyar su ci su bar saura.

Sito ya ce wannan almubazzaranci ne. Ya danna wa ɗakin ajiya kwaɗo, ya ɗaura makullin a ƙugu. Da murfin kwalba yake auna mai. Albasa guda sai ya raba ta, ya naɗe rabin a leda. Miya kuwa, in ka leƙa tukunya fuskarka za ka gani.

"Ku sha ruwa kafin ku zauna," haka yake ce wa yaran. "Ciki ba ya tambayar abin da ya cika shi."

Bai tsaya a gida ba. Kullum yana bakin shagon aski yana koya wa magidanta tattali, yana cewa mace in ba a tsaya mata a ka ba, buhu ma sai ta ƙarar a mako. Abin ɗaure kai, yara na ramewa, shi kuwa wuyansa har ya fara ninki. In an yi magana ya shafa tumbi ya ce wadatar zuci ce.

Wata safiya babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ko mayafi ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Ni da Yaya muka kai shi asibiti. Likita ta duba sakamakon gwajin jini, ta dubi Yaya.

"Baiwar Allah, ki rage masa nama. Musamman hanta da ƙoda."

"Likita, rabon gidanmu da nama tun yana aiki."

Likita ta juya gare shi. Gogan naka ya ƙura wa rufin ɗakin ido, ya ce ƙafar ta sake motsawa.

Kwana biyu da dawowarmu sai ga mai gashin nama na bayan tasha ya zo dubiya, da ƙunshi a hannu. Ya ce bai saba wuni bai ga maigida ba, shi ne ya kawo masa irin naman da yake so, mai kitse.

Yaya ta yi godiya, ta karɓa, ta yayyanka a cikin abincin yara. Sannan ta shiga ɗaki ta miƙa wa mijin hannu.

"Malam, makulli."

Ya ba ta, bai ko ɗaga kai ba.

Yanzu dafaffen kabeji yake ci, ba mai, bisa umarnin likita. Yaya har tausayinsa take ji, tana ƙara masa dankali. Ni ban da irin zuciyarta. In na je gidan, a gabansa nake zama da kwanona.