Hannuna Bai Kai Kunne Ba

A shekarun da soja ke koya wa manya bin layi da bulala, matar faston unguwarmu a Maƙarfi ta buɗe ajin da babu layi, babu bulala. Mama muke ce mata. Ta je wani kwas a Zariya, ta dawo da aƙidar cewa kowane yaro da lokacinsa, ba a tura shi, ba a jan shi. Iyayenmu suka saurara da ladabi, suka fito suna dariya. Amma lokacin saran rake ne, kowa na neman inda zai ajiye yaro, sai aka tara mata mu.

Alli ya yi tsada har malamai na ɓoye shi a aljihu, don haka kayan karatunmu murafen kwalba ne da karan dawa da yashi a tire. Ni dai wata uku na yi ina jera murafen kwalba. Babana ya leƙo wata rana ya ce, "Mama, wannan sana'ar fa, yaushe za a yaye ta?"

"Baba, ƙyale ta, aiki take yi."

Da na ga dama, na koma kan yashi ina zana haruffa. Kafin in cika shida ina karanta rubutun jikin buhun taki. Ba abin da nake so a duniya kamar in shiga aji ɗaya tare da ƙawayena.

Ranar ɗaukar ɗalibai a firamare aka jera mu gaban hedimasta. Ba mu da takardar haihuwa, shi kuwa yana da ma'auninsa: yaro ya ɗora hannu ta bisa kai ya kama kunnen ɗaya gefen. 'Yar kawuna, wadda ba ta san ɗaya daga biyu ba amma Allah ya ba ta hannu kamar muciya, ta cafke kunnenta har da ragowa. Ni na miƙa, na miƙa, saura kamar ƙwayar gyaɗa.

Babana ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, tana karatu fa."

Don in taimake shi, na karanta takardar da ke manne a bango, daga sama har ƙasa. Hedimasta bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Karatu daban, hankali daban. Ta dawo baɗi."

Na yi kuka har muryata ta dushe. Na tsani hannuna, na tsani mutumin.

Washegari na koma wurin Mama, ina jiran ta ce kowa da lokacinsa. Ba ta ce ba. Ta ja ni bayan coci, ta duba hagu da dama kamar mai sayar da kananzir a ɓoye, ta koya mini yadda zan ɗage kafaɗa, in karkata wuya kaɗan ba tare da an lura ba. Kwana biyar tana tisa ni, safe da yamma. Matar da ba ta taɓa gaggauta yaro ba har tsawa ta yi mini.

Ranar Litinin babana ya mayar da ni. Na ɗage kafaɗa, na karkata wuya, na kama kunnen. Hedimasta ya rubuta ni a rajista, ya dubi babana cike da gamsuwa.

"Ka gani ko? Da muka ba ta lokaci, ga shi ta yi hankali."