Bangon da Akuya Ta Ci

Aji biyu na yi a makarantar boko, na biyun ma rabinsa ta bayan taga na yi shi, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan sai ya kai ƙara wurin malamin da ya kore ni. Sunana Modu. Na fi shekara talatin ina dakon busasshen kifi a kasuwar Baga Road, har wuyana ya shige cikin kafaɗuna. Amma ba a Maiduguri aka haife ni ba. A wani ƙauye ne kusa da bakin tabki, wanda yau ko na faɗi sunansa ba abin da za ku tarar sai toka da ƙaya.

A can kakata Falmata take bandar kifi. Da an idar da sallar magariba sai mu jikoki mu kewaye murhun bandar, hayaƙi na shiga mana ido, muna jiran ta juya baya mu saci kan tarwaɗa. Ni ne shugaban ɓarayin. Ni ne kuma mai zare mata kara daga shingen gida ina haɗa mota, har shingen ya yi giɓin da kare ke shiga ba tare da ya sunkuya ba. Sauran matan gidan su yi ta zagina, ita kuwa sai ta ce, "Ku ƙyale min mijina. Zare, rago, zare. Kara ne, ba mutum ba ne."

In za ta fara tatsuniya takan ce, "Ga baƙuwa nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zauna, Kaka." Tana da tatsuniyoyi na dariya da yawa, amma akwai ɗaya da ba ta cika yi ba, kuma in za ta yi ta, ba ta kallonmu, wutar take kallo.

Wai an yi wani mutum gwanin jinka, wanda ɗakinsa ya fi na kowa kyau a garin. Matafiya har tsayawa suke yi su kalli rufin. Yana da mata da jariri da saniya ɗaya. Sai aka yi shekarar fari. Nonon matar ya ƙafe, saniyar ce ke shayar da yaron. Ciyawa ta ƙare a daji ƙaf, saniyar ta dinga ɗaga kai tana kallon jinkar tana kuka. Matar ta ce, "Maigida, a sauke rufin nan a ba ta." Ya ce, "In zama abin dariya, mai ɗaki da sanƙo? Ruwa ya kusa." Ta sake roƙo, ya sake cewa ruwa ya kusa. Saniyar ta kwanta ba ta tashi ba. Bayan kwana uku yaron ya bi ta. Da kwana bakwai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

"Ɗakin nan kuwa," in ji Kaka, "ko ɗigo bai yi ba. Ko ɗigo."

Shi ke nan tatsuniyar. Ba dodo, ba waƙa. Ni da bakina da ba ya zama a rufe na ce, "To Kaka, naman saniyar fa, wa ya ci?" Yara suka fashe da dariya. Na kare kaina da hannu ina jiran ludayi, amma bai zo ba. Ta juya kifinta kawai ta ce, "Baƙuwa ta tashi, ta kaɗe zaninta. Ku je ku yi alwala."

Sai bayan ta rasu innata ta gaya min cewa ɗan farin Kaka a shekarar fari ya mutu, kuma kakana gwanin jinka ne.

Na ajiye maganar a wani lungu na zuciya na ci gaba da shirmena har na yi furfura. Sannan yaran daji masu bindiga suka zo. Suka ƙone ƙauyenmu, suka kashe mijin 'yata Yagana a gaban idonta. Ta iso gidana a ƙarshen unguwar Bolori da ƙafa, da jaririya a baya, da akuya mai shayarwa a igiya. Ɗan akuyar a hanya ya mutu. Nonon Yagana kuwa tun ranar da ta ga abin da ta gani ya ɗauke. Akuyar nan ce uwar jaririyar. Sunan yarinyar Falmata, ni na sa mata.

Ɗaki ɗaya gare ni, ga matata ga tarkace. Ana nan sai wata ƙungiya ta zo unguwar da wani injiniya, saurayi mai fara'a, wai za su gina wa masu saukar 'yan gudun hijira ɗaki da karan shinkafa. Na yi dariya har na ƙware. Amma na ga abin mamaki. Suna da inji da ke matse karan ya fito kamar ƙaton bulo, ɗaure da igiya. A jera su kamar yadda ake jera bulo, a soke su da sanduna, a ɗora katako a sama, a kafa kwano a kai. Ba ginshiƙi ko ɗaya, karan ne ke ɗauke da rufin. Sannan a yaɓe da laka ciki da waje.

Na ce, "Injiniya, gara fa?"

Ya ce, "Mun yi maganinta, Baba."

"Wuta fa?"

"In an matse shi an yaɓe, ba ya kamawa da sauƙi. Abu ɗaya kawai, Baba Modu: kada a huda yaɓen, kada a zare ko tsinke. Rufin a kansa yake zaune."

Na ce, "Ni? Ai ban taɓa zare wa kowa kara ba a rayuwata." Matata ta yi tari.

Gaskiya ɗakin ya yi. Rana na ƙuna a waje, ciki kamar randa. A nan Yagana ta fara barci ba tare da ta farka da ihu ba. Wani lokaci in gan ta ta jingina kumatunta da bangon, idonta a rufe.

Injiniya ya yi lissafin gara da wuta da ruwa. Bai yi lissafin bazara ba. Shekarar nan an haƙa rami an kewaye gari saboda yaran daji, ba mai tsallakawa ya yanko ciyawa. Waɗanda suka gwada, wasu an dawo da su a baro, wasu ba a dawo da su ba. Harawar da ke kasuwa ta ragunan manya ce. Na ba akuyar kwalin kifi, na ba ta ɓawon albasa, na hau darbejiyar maƙwabci neman ganye na faɗo. Nonon ya dinga raguwa, daga kofi ya koma rabi, ya koma abin da ba ya rufe gindin kofi. Muka gwada wa Falmata kunu, cikinta ya ƙi. Kukanta ya koma kamar na kyanwa.

Wata rana da hantsi na fito na tarar da akuyar ta goge yaɓen bangon gabas da ƙaho, ta kafa baki a wurin tana kuka. Na tsaya. Wallahi ƙaurin bandar kifi na ji a hancina.

Na ɗauko wuƙa na nufi bangon. Yagana ta riƙe min hannu. "Baba, sun ce kada a taɓa."

"Sun ce."

"In ya faɗi ina za mu kwana?"

Na ce, "Ke dai kawo kofi."

Kullum in zare dami guda cikin hannu, in cusa tsumma, in shafa laka kamar ɓarawon kirki. Kara ne busasshe, ba wani abin kirki a cikinsa, amma in na jiƙa shi da ruwan kanwa na barbaɗa ɗan dusa, tana ci. Nonon ya dawo rabin kofi. Rabin kofin nan ya riƙe Falmata wata biyu, har cikinta ya karɓi kunu. Kafin nan bangon gabas ya zama fanko, rufin ya karkata kamar hular ɗan tasha.

Guguwar farkon damina ce ta kwantar da ɗakin, da la'asar, muna waje. Injiniya ya zo ya tona ya ga tsummokarana. Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi min. Ya ce, "Baba, me ya sa?" Na nuna masa yarinyar. Ya kalle ta, ya kalli takardarsa, ya rubuta abin da ya rubuta. Ba su sake gina ko ɗaya a layinmu ba. Har yau akwai maƙwabtan da ba sa amsa sallamata, yara kuma suna kirana Baba Ci-Bango.

Yagana ta ƙi shiga ɗakinmu, wai ba za ta raba ni da makwancina ba. Daminar nan a ƙarƙashin tampol ta yi ta, a kan ƙasa mai laima. Ta kama tari. Tarin bai sake ta ba sai da ya kai ta maƙabarta, kafin wata daminar.

Kaka ta gaya min abin da ke faruwa in ba ka zare ba. Ba ta gaya min abin da ke faruwa in ka zare ba. Na daɗe ina jin haushinta a kan haka, sai daga baya na gane ita ma ba ta sani ba. Rabin da aka bar ta ta gani shi ta ba ni, ɗaya rabin ni na biya na gani. Ko kabarinta ba zan iya zuwa in kai mata labari ba.

Falmata ta girma, tana aji huɗu, ta ninka ni ilimi. Bakina ta gado. Jiya bayan magariba tana hura wa kakarta wuta, ta nuna tudun lakar da ke gefen gida ta ce, "Kai dai, mijina, rago ne. Kowa ya gina wa matarsa ɗaki, kai naka ya faɗi. Ina ɗakina?"

Na ce, "Yana cikinki, amarya. Kin shanye shi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa wutar na kalla.