Waƙar da Aka Cire wa Glenys

Glenys Pardoe ta yi shekara talatin da ɗaya tana dafa wa 'yan firamare abincin rana a garin Ludlow na Ingila, kuma ba wanda ya taɓa jin ta rera ko baiti ɗaya a bakin tukunya. Alhali a 1969 mawaƙiya ce. Mijinta na lokacin, Hedley, shi ne mai jita kuma shugaban wata ƙungiya da ke ɗauko tsofaffin waƙoƙin ƙauye tana ɗora su a kan kiɗan jaz. Faifai ɗaya tak suka yi. Glenys ta rera waƙa guda, ta wata mata mai jiran jirgin ruwan mijinta, amma da faifan ya fito babu waƙar. Hedley ya ce wuri ne ya ƙare. Ta yarda. Bayan shekara biyu ya bi wata mai goge zuwa Landan, ya bar mata kwali cike da tef na lokacin ɗaukar faifan, ga shi ba ta da na'urar saurare.

A hankali faifan ya yi suna. Tana da shekara saba'in wani ma'aikacin kamfanin faifai, Crispin, ya zo neman kwalin, za su sake fitar da faifan tare da abin da aka bari a baya.

"Waƙata tana ciki?" ta tambaye shi.

"Tana ciki, Madam Pardoe. Ko tari ba za mu cire ba."

Ta shaida wa duk matan cocinsu. Ta sayi sabuwar riga.

Ranar Asabar da yamma aka yi bikin fitarwar a zauren gari. Hedley ya zo yana dogara sanda, aka zaunar da shi a gaba. Da aka saka waƙarta, muryarta ta lokacin tana yarinya 'yar shekara ashirin da huɗu ta cika zauren, Glenys ta damƙe jakarta, idonta ya kawo ruwa. Sai ga muryar Hedley a kan tata, daga ɗakin masu ɗaukar sauti inda a lokacin ba ta jin su.

"Ku bar ta ta gama, in ba haka ba yau babu abinci a gidana."

Mai ganga ya ce, "Kamar an taka wutsiyar kyanwa."

Hedley ya ce, "Da ta fita ku goge."

Maza huɗu suka kwashe da dariya a cikin faifan, zauren ya taya su. Ita kuwa yarinyar tana ta rerawa da dukan zuciyarta har ƙarshe.

Bayan an tashi Hedley ya tsaya a gabanta, ya ƙare mata kallo.

"Glen, kin tsufa fa. Kada ki ɓata rai, wasa ne. Kuma ai kin ji muryar taki da kunnenki, ba sharri muka yi miki ba."

Crispin ya miƙo mata biro, fuskarsa cike da murna, ya ce wannan wurin mutane suka fi so. Ta zauna ta sa hannu a faifai arba'in, don an yi layi kuma ba ta iya ce wa mutane a'a ba.

Shekara uku ta ƙara a duniya. Ranar jana'izarta, 'yar ƙanwarta ta ga sunan innarta a jikin faifan, ta ce a saka a coci. Ita 'yar ƙanwar ba ta taɓa saurarensa ba.