Robar Inna Ba Ta Maƙalewa

Duk wanda ya taɓa jefa fatsa a ƙasan madatsar ruwan nan ya san Inna Mai Roba. In bai santa da ido ba, to gadon bayansa ya santa. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta duk tabon ƙuna, kuma ba ta fita sai da wani dogon ludayin ƙarfe a hannu. Da shi take juya narkakkiyar roba, da shi take nuna hanya, da shi kuma take fasa wa ƙatti kai.

Ba haka Allah ya halicce ta ba. Waɗanda suka santa tana amarya sun ce ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi. Mijinta, wanda ake kira Dogo, masunci ne na fatsa, kuma a cikin duwatsun nan yake kamu, domin a nan manyan kifaye ke ɓuya. Ruwan wurin mugu ne. Sama lumui, ƙasa kuwa duwatsu ne masu baki kamar haƙora, kowace ƙugiya ta sauka da tsininta a buɗe sai ta maƙale. Wata safiya ta Dogo ta maƙale. Ya tuɓe riga ya nutsa don ya cire, ƙugiyar ta kama shi a wuyan hannu, zaren ya naɗe a dutse. Da aka ciro shi da la'asar, Inna ce ta sa filaya ta zare ƙugiyar daga hannun gawar da kanta, ba ta yi kuka ba. Ta kai ta gida, ta ajiye a kan tagar ɗakinta, ta yi wata uku tana kallonta kamar wadda ke jiran ta ba ta amsa.

Daga nan sana'ar ta fara. Ta riƙa tsince yagaggun robobin da masu fatsa ke zubarwa, irin masu laushi da ake yi da siffar tana ko ƙaramin kifi a sa a ƙugiya don yaudarar kifi. Tana narka su a gwangwani kan gawayi, ta zuba a ramukan da ta sassaƙa a jikin katako. Ɗakin bayan gidanta ya koma wurin aiki: benci ɗaya, murhu, filaya biyu, gwangwanayen ƙugiya da na darmar da ke nutsar da zare, ga wari mai hawa kai wanda maƙwabta suka gaji da ƙorafi a kansa. Amma ba zubin robar ne ya sa ta yi suna ba, yadda take ɗaura ta ne. Sai ta soka tsinin ƙugiya ta hancin robar, ta fito da shi ta ƙasa, ta ja robar har wuyan ƙugiya, ta juya ta, ta sāke soka tsinin ta ciki har ya kusa ɓullowa ta baya, sai ta tsaya. Tsinin na nan kwance a ƙarƙashin fatar robar. Dutse ba ya samun abin kamawa, robar ta wuce sumul. Kifi kuwa in ya haɗiye, mai fatsa ya fizga da ƙarfi, tsinin ya huda ya fito. A farkon shekarunta ba ta barin ko ɗaya ta fita sai ta goga bayanta a leɓenta. In ta ji ko alamar kaifi, sai ta warware ta sāke.

Da sunan ya zo, sai hali ya biyo baya. Inna ta kafa doka a bakin ruwan da ba wanda ya naɗa ta shugabarsa: ba mai jefa ƙugiya tsirara a cikin duwatsu. Wani direba da ke zuwa kamu ranar hutunsa ya ce mata ruwan ba na ubanta ba ne. Ta karya masa sandar fatsa a gwiwarta, ta bi shi da guntun har cikin motarsa. Wani mahauci mai jiki kamar buhu ya ɗaga mata hannu, ta sakar masa ludayi a goshi, ɗinki shida aka yi masa. Sau biyu ana kai ta wurin 'yan sanda, sau biyu tana dawowa ta wuce kai tsaye bakin ruwa ko gida ba ta leƙa ba. Maganarta ɗaya ce, ta faɗe ta har yara sun haddace: "Robata ba ta maƙalewa. Duk wanda tasa ta maƙale, shi ya buɗe tsinin da hannunsa, kuma ni da shi ne."

Ɗa ɗaya Dogo ya bar mata. Mutane na kiransa Shiru, don sai ya wuni bai ce uffan ba. Ita kuwa Babana take ce masa, saboda sunan mahaifinta ya ci. Ya girma, ya yi gemu, ya auri wata mai ɗinki, suka haifi 'ya'ya biyu, duk a cikin gidan. Inna ta yi iya yinta ta raba shi da ruwa. Ta kai shi garejin gyaran mota, ta kai shi shagon kafinta, ko'ina sai ya sulale ya koma duwatsu. Da ta ga ba makawa, sai ta ce to, amma da robarta kawai, wadda ta ɗaura da hannunta. Ransa take ji wa tsoro, ba wani abu ba, kuma tsoron nan da duka yake fita daga jikinta. Surukarta mai ɗinki kuwa ko ƙofar ɗakin aiki ba a yarda ta taka ba. "Ke da allura kika saba," in ji Inna. "Nan ba wurin kalmasa bakin zane ba ne."

Shekaru suka ja. Inna ta haura sittin, ƙunar roba ta kashe mata kan yatsu, idonta ya soma hazo. Gogawa a leɓe kuwa ta daɗe da barinta. Wa zai gwada aikin da ya shekara talatin yana yi? Takan shafa da babban yatsa kawai ta jefa a akwati.

Ran da abin ya faru, da hantsi ne. Inna ta sauko bakin ruwa da ludayinta, sai ta hango ɗanta zaune a bayan wani dutse, ya juya wa mutane baya, akwatin robobinta a buɗe a cinyarsa. Ta lallaɓa ta tsaya a kansa. Ga shi yana zare ƙugiya daga robar da ita ta ɗaura da asuba, yana taɓa tsinin.

Ba ta tambaye shi komai ba. Ludayin ya sauka a kunnensa, ji kake ƙwal!

"Ni za ka ci wa amana, Babana? Tsinin kake buɗewa?"

"Inna, tsaya ki ji..."

"In ji me? In ji an ce a zo a ɗauki gawa?"

Ta rufe shi da duka, kafaɗa, baya, ƙeya, duk inda ta samu. Ƙato mai 'ya'ya biyu ya dunƙule ya kāre kansa da hannu, jini na bin wuyansa daga kunne. Masunta suka taru, ba wanda ya yi gigin shiga tsakani, kowa ya san ɗanɗanon ludayin. Sai da hannunta ya gaji ta tsaya tana haki. Ta tattara robobin da ya taɓa, ta watsa su cikin ruwa. Ta ciro ɗaya daga aljihun rigarta, sabuwa, ta ɗaura masa a zare da kanta.

"Tashi ka jefa ina kallo. Yadda na ɗaura ta haka za ta shiga ruwa."

Shiru ya dubi robar, ya dubi uwarsa.  Ya hau dutse, ya jefa.

Jifa na farko ta dawo lafiya. A na biyu sandar ta lanƙwasa, zaren ya miƙe, ya tsaya cak. Ba kifi ba ne, kowa a wurin ya san bambancin. Robar Inna ta maƙale, a gaban sama da mutum goma.

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya.  Shiru ya waiwayo ya ga fuskar uwarsa, sai ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Darmar ce ta shiga rami, ba ƙugiyar ba. Bari in ciro ku gani." Kafin ta ce kada, ya soke sandar a tsagin dutse ya faɗa ruwa da rigarsa.

Ta ƙirga numfashinta. Ɗaya, biyu, har goma. Kansa ya ɓullo, ya ja iska rabi, ruwa ya sāke danne shi. Hannunsa na dama na can ƙasa bai taso ba. Ruwan da ke kewaye da shi ya soma ja.

"Babana! Wayyo Allah, Babana!"

Ta yar da ludayin ta afka ruwan. Ba ta iya iyo ba, ba ta taɓa koya ba, tun mutuwar Dogo ko ƙafarta ba ta sa a ruwan nan ba. Mahaucin da ta taɓa fasa wa goshi ne ya cafko gefen zanenta, direba ya riƙe mahauci, sauran suka jeru a baya. Ruwa ya maka ta da dutse, haƙarƙarinta ya amsa, ta sha ruwa ta amayar. Ta lalubo gashin ɗanta, ta bi wuyansa zuwa kafaɗa, zuwa hannu. Ƙugiyar ta shige tafinsa tsakanin babban yatsa da manuni, zaren kuma ya naɗe a cikin tsagi, ko faɗin yatsa bai rage a waje ba balle a yanka. Ga shi ba wuƙa a jikinta. Shiru ya daina fizga, jikinsa ya saki.

Inna ta tokare ƙafafunta biyu a dutse, ta kama wuyan hannunsa da hannu biyu, ta ja da duk ƙarfin da ta shekara talatin tana dukan mutane da shi. Ta ji naman yana yagewa a hannunta kamar tsohon tsumma. Hannun ya fito. Aka jawo su tare zuwa gaɓa, mahauci ya kifa Shiru yana danna masa baya har ya yi aman ruwa ya ja numfashi da wani irin gurnani. Babban yatsansa na reto da 'yar fata.

A asibiti aka shige da shi ɗakin tiyata. Inna ta zauna a bencin baranda, zanenta na ɗiga, ta ƙi yarda a duba haƙarƙarinta. Surukarta ta iso da zaren ɗinki maƙale a rigarta, riƙe da akwatin robobi da wani ya kai mata. Ba ta gaishe ta ba. Ta ajiye akwatin a cinyar Inna.

"Inna, yau kam zan faɗa, in kin ga dama ki kashe ni. Shekara guda ke nan kullum sai ya zauna ya gyara robobinki kafin ya jefa, har da waɗanda kike sayarwa. Ba buɗe tsinin yake ba, rufewa yake. Hannunki ya daina ji, kina tura shi ya wuce. Na ce ya gaya miki, ya ce in kika sani me zai rage miki."

"Ƙarya kike, 'yar banza!"

"To ki gwada."

Inna ta ɗaga hannu za ta kwaɗa mata mari, hannun ya tsaya a sama. Ta sauke shi. Ta buɗe akwatin, ta ɗauko ɗaya daga cikin na asubar nan waɗanda bai kai ga taɓawa ba, ta goga bayanta a leɓe. Tsinin ya tsaga mata leɓe. Ta ɗauki ta biyu, ita ma ta tsage ta. Ta uku, ta huɗu. Jini ya sauko mata har haɓa, tana ta ɗauka tana gogawa, sai da surukar ta riƙe mata hannu. Nan ne Inna ta yi kukan da ba ta yi wa Dogo ba, da ƙarfi, baki buɗe, har ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce a yi haƙuri akwai marasa lafiya.

Shiru ya rayu, amma yatsan bai zauna ba. Ba ya iya riƙe sandar fatsa da dama, yanzu da hagu yake koyo kamar sabon shiga. Bai taɓa tayar da maganar ba, ita ma ba ta iya kallon hannun. Ludayin yana can inda ta yar da shi, ba wanda ya ɗauko mata, ba ta kuma tambaya ba.

Sati biyu da sallamo shi, da safe, Inna ta tsaya a ƙofar ɗakin surukarta, keken ɗinki na ta ƙara. 

"Uwar yara, in kin gama wannan, ki zo baya. Ki zo da yatsun nan naki."

Mai ɗinki ta shiga ɗakin aikin a karo na farko, ta zauna a gefen benci. Inna ta miƙa mata ƙugiya da roba, ta nuna mata inda za ta soka, inda za ta juya, inda za ta tsaya. Da ta gama, Inna ta karɓa ta kai bakinta, ta goga a kan leɓen da bai gama warkewa ba. Ba ta ji komai ba sai santsi. Ta ajiye ta a akwati, ta tura mata gwangwanin ƙugiyoyin gaba ɗaya.