Injiniyan Shagon Aski

Shekara goma sha bakwai ke nan yana aski a shago ɗaya, wani ɗan ɗaki mai kujera biyu da dogon benci, tsakanin kemis da wurin gyaran waya. Hannunsa da sauƙi, bai taɓa yankar kunnen kowa ba, kuma yana tuna irin askin da mutum yake so ba sai an faɗa masa ba. Amma ba askin ne kaɗai yake cika bencin nan ranar Asabar ba. Hirar mota ce take tara jama'a, kuma a kanta aka laƙa masa Injiniya, har sunansa na gaskiya ya ɓace a unguwar.

Shi kuwa bai taɓa mallakar mota ba. Babur gare shi, kuma ko fulogi ne ya ƙi, sai dai ya turo shi gida. A can ake gyara masa.

Matarsa 'yar bakanike ce. Ita ce babba a gidansu, tun tana 'yar shekara tara take miƙa wa mahaifinta sifana a gareji, kafin ta gama sakandare ta iya sauke inji ta mayar. Mota in ta shigo, daga ƙararta take faɗin ciwonta. A garejin ya fara ganinta, ta fito daga ƙarƙashin wata mota, baƙin mai har goshi, kuma a lokacin abin ya burge shi ƙwarai. Wata uku da aurensu wani abokinsa ya tsokane shi a gaban mutane, ya ce, "Kai da ka auri bakanike, ai ko kai ka lalace ba sai an je asibiti ba, a gida za a ɗaure ka." Aka kwashe da dariya. Da ya koma gida ya ce mata zuwa gareji ya isa haka. Ba ta yi masa gardama ba. Mahaifinta ya zo shagon da ƙafarsa, ya zauna aka yi masa aski, sai da aka gama ya ce, "Ɗana, hannun yarinyar nan ya fi na ƙannenta maza duka. Ka duba lamarin." Ya ce zai duba. Bai duba ba. Tsohon ya rasu shekara shida da suka wuce, aka rushe garejin aka yi shaguna a wurin.

Abin da ya rage mata sai waya. Duk motar da za ta fito sai ta karanta labarinta, da safe suna shan shayi ta ba shi labari, shi kuma ya ɗauka ya kai shago a matsayin nasa. Tun yana jin ɗan nauyi har ya daina ji.

Ana nan sai wani kamfani na waje ya saki hotunan sabuwar motar gudu da zai fitar. Ƙofa biyu, kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa, injinta a bayan direba. Abin da ya fi tayar da hankalin mutane shi ne an ce ba za ta kai tsadar motocin 'ya'yan attajirai ba, babban ma'aikaci ma zai iya sa rai. Ba wanda ya gan ta ido da ido, amma benci ya rabu gida biyu. Wani direban banki, wanda yake da murya kamar lasifika, ya ce motar gudu da silinda huɗu raini ne, ko an sa mata turbo goma. Mai kemis ya ce ai ba yawan silinda ba ne, rashin nauyi ne, ya buga misali da kansa da direban, wai a sa su tsere a gani. Da gardama ta yi zafi suka juyo wajensa.

"Injiniya, raba mu."

Ya karkaɗe tawul, ya ce, "Ku ba ni zuwa mako mai zuwa, in yi nazari."

Nazarin kuwa a kan tabarmar karin kumallo aka yi shi. Matarsa ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta daɗe tana kallo.

"Ba silinda ce matsalarta ba, Baban 'yan biyu," in ji ta. "Dubi nan. Inji a baya, ga kafar iskar gefe 'yar mitsitsiya. A ƙasar sanyi lafiya lau. Amma ka sa ta a cunkoso a garin zafi, rabin awa ta fara tafasa. Kuma duk bakaniken da zai canja mata filtar mai, sai ya tsine wa wanda ya zana ta."

Ranar Asabar ya maimaita maganar kalma bayan kalma, har da tsinuwar, yana ɗaga yatsa, almakashi a ɗaya hannun. Bai lura mai kemis yana ɗauka a waya ba. Kafin kwana uku bidiyon ya zaga gari. Mutanen da ba su da gashin askewa suka riƙa leƙowa don su gaisa da shi. Ya ji daɗi, ba ƙarya.

Wata rana da yamma ya dawo gida ya ji muryarsa tana fitowa daga kicin. Matarsa ce ta jingina waya da tukunya tana yanka albasa tana sauraren bidiyon. Ya tsaya a bakin ƙofa.

Ta ɗago ta yi murmushi. "Ka fi ni iya faɗa. Ni ban iya ɗaga yatsan nan ba."

Da faɗa ta yi masa, da ya san abin da zai ce. Abincin ranar bai wuce masa da daɗi ba.

Bayan wata biyu dillalin motocin kamfanin ya kawo guda ɗaya ta gwaji don a gani, ya aika wa Injiniya gayyata. Ya sa kayansa mafi kyau, direban banki da mai kemis suka raka shi. Motar tana tsakiyar ɗakin gilashi, ja, tana ɗaukar ido. Manaja ya tarbe shi hannu biyu, ya ce, "Ga ta nan, Injiniya. Buɗe ka nuna mana inda za ta tafasa."

Ya zaga baya. Ya shafa nan, ya danna can, marfin ya ƙi buɗuwa. Gumi ya fara keto masa. Wani dattijo mai rigar aiki, babban bakaniken wurin, ya matso a hankali ya ja wani ɗan ƙarfe a gefen kujerar direba, marfin ya ɗaga.

"Malam," in ji dattijon, "da ka ce za ta tafasa, ka sa fankar gefen nan a lissafi?"

Ya kalli cikin injin, bai ma gane wacce ce fankar ba. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Gaskiya matata ta fi ni sanin wannan."

Wurin ya ɗauki dariya. Direban banki ya daki kafaɗarsa. "Kai, Injiniya, ba ka da dama!" Shi ma ya yi dariyar. Gaskiya ta fito daga bakinsa sau ɗaya a shekara goma sha biyar, aka mai da ita raha, ya taya su. Dattijon ne kawai bai yi dariya ba. Ya ce, "To ka kawo ta mana."

Kwana uku abin yana cinsa. Ranar Talata ya yanki kunnen wani malamin makaranta, ya yi ta ba da haƙuri har malamin ya ji kunya. Ranar Laraba bai buɗe shago ba. Ya ce wa matarsa ta shirya, ya gaya mata duk abin da ya faru, ya goya ta a babur suka tafi.

Ba ta kula manaja ba bayan gaisuwa. Ta miƙa wa mijinta jaka, ta zaga motar sau biyu, ta tsuguna, ta nemi fitila. Can sai ta ce a ba ta kwali, ta shimfiɗa, ta kwanta da kayanta masu kyau ta leƙa ƙarƙashi. Ita da dattijon suka shiga magana, wannan ya ambaci abu wannan ya ƙarasa, kusan awa guda. Shi yana tsaye rungume da jaka yana kallon fuskarta. Rabonsa da ganinta haka tun kafin a haifi 'yan biyu.

Ta miƙe tana karkaɗe zane. "Na yi kuskure, Baba. Akwai wata kafar iska a ƙasa, hoto bai nuna ta ba. Ba za ta tafasa ba. Amma maganar filta ina kan bakana."

Dattijon ya yi dariya har da tafa hannu. "Wallahi jiya na tsine masa! 'Yata, wa ya koya miki?"

"Mahaifina, Allah ya jiƙansa."

"Amin. A wane gareji kike yanzu?"

Ta ɗan kalli mijinta, ta kau da kai. "A gida nake."

Dattijon ya shiga goge hannunsa da tsumma.

A ƙofar gida ya kashe babur, bai sauka ba. Ya ce, "Maman 'yan biyu, in kina so ki koma..."

"In koma ina? Wurin ya zama shagon katifa."

"Wani wurin. Ko wajen dattijon nan."

Ta dubi hannuwanta. "Motocin yanzu duk kwamfuta ce. Da Baba yana da rai ka faɗi wannan, da ya ji daɗi." Ba ta faɗa da fushi ba. Ta karɓi jakarta. "Bari in yi tunani."

Ranar Asabar benci ya cika. Yana tsakiyar aski ya kashe inji, ya ce motar ba za ta tafasa ba, kuma duk abin da ya taɓa faɗa musu game da mota daga bakin matarsa ya ɗauko shi, shi ne kuma ya raba ta da sana'arta. Direban banki ya fara dariya.

"Ba wasa nake ba," in ji shi.

Mai kemis ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Can direban ya yi gyaran murya ya ce, "To... ka tambayar mana ita, giyar hannu ta fi ko mai canja kanta?"

Motar ta shigo kasuwa a ƙarshen shekara, ba wanda ya saya a cikin 'yan bencin. Matar kuwa ta fara leƙa garejin dillalin jefi-jefi. Takan dawo a gajiye, bayanta na ciwo, ta ce rabin kayan aikin ba ta san sunansu ba, wata rana ma har ta ɓata wata wayar wutar mota dattijon ya gyara. Wata safiya ta ce masa rubutun na'urar gwajin ya yi mata ƙanana, sai ta matsa sosai take gani, in zai wuce ya tambayar mata inda ake yin tabarau. Ya ce to. Ya fito da babur, ya tsaya a bakin titi ya daɗe bai tayar ba, yana tuna cewa shekararta ashirin da biyu lokacin da ya hana ta, tana zura zare a allura ko da magariba ta yi. Sannan ya taka babur ɗin, ya nufi asibitin ido kafin ya buɗe shago.